Shafin UNV a kan sikeli: abin da mai son barin aikinsa ya koma aikin agaji zai tarar

Ma'aikacin banki da ya gaji da farautar kwastoma, malamar sakandare da ke ganin ƙarfinta ya fi aji ɗaya, matashin da ya gama bautar ƙasa yana son aikin da zai ga amfaninsa a jikin mutane: duk wanda ya furta cewa yana son komawa ƙungiyoyin agaji, da wuya a yi kwana biyu ba a ce masa ya je ya yi rajista a shafin UNV ba. Shawarar ba ta da laifi. Abin da masu ba da ita ba su cika faɗa ba shi ne shafin na waɗanda suka riga suka fara ne. Wanda ya taɓa yin aikin sa-kai a garinsu, kuma yana da takardar da za ta shaida hakan, zai ci moriyarsa ƙwarai. Wanda ya zo da kyakkyawar niyya kawai zai shafe watanni yana danna maɓallin nema ba a ko waiwaye shi ba.

UNV shi ne shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya. Babban Zauren Majalisar ne ya kafa shi a 1970, hedkwatarsa na birnin Bonn a Jamus, kuma hukumar raya ƙasashe ta Majalisar, UNDP, ce ke riƙe da ragamar gudanar da shi. Ba shi ke raba abinci ko yi wa yara rigakafi ba. Aikinsa ya nemo mutane, ya tantance su, ya miƙa su ga hukumomin Majalisar da ke buƙata, irin su UNICEF, UNHCR, IOM, WFP, WHO da UNFPA, sannan ya riƙa kula da alawus ɗinsu da inshorarsu. Saboda haka wanda aka ɗauka yana da iyayen gida biyu: UNV mai takardu da biya, da hukuma mai masauki wadda ke ba shi aikin yau da kullum. Yawancin ƙorafin da ake yi kan UNV daga wannan rabuwar yake tasowa, domin mai nema bai san wa zai tambaya ba idan abu ya tsaya.

Tun 2021 aka haɗe komai a shafi guda, app.unv.org, wanda suke kira UVP. Rajista kyauta ce, nema kyauta ne, babu matakin da ake biyan ko sisi. A riƙe wannan da kyau, domin 'yan damfara sun daɗe da gano cewa tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya yana sa mutane su saki jiki. Takardar ɗauka da ta iso ta WhatsApp, ko wadda ke neman kuɗin gwajin asibiti, kuɗin horo ko kuɗin katin shaida, ta bogi ce ko da an buga mata hatimi goma. Tayin gaskiya yana bayyana ne a cikin asusunka na shafin.

Aiki iri biyu ne a ciki, kuma ba su da kama da juna

Na farko shi ne na intanet. Ƙungiya ko hukuma ta sa aikin da za a iya yi daga gida: fassara, tsara hoto ko ƙasida, rubuta rahoto, tace bayanai, bincike. Ƙa'idarsa ba ya wuce awa 20 a mako, kuma ba ya wuce mako 12. Ba a biyan komai, data da cajin kwamfuta daga aljihunka ne, abin da za ka samu a ƙarshe takardar yabo ce. Mutane na raina shi saboda haka, amma ga wanda yake kan aiki kuma bai shirya ajiyewa ba, nan ne wurin gwaji mafi arha. Yana nuna maka ko za ka iya cika alkawarin lokaci ba tare da wani yana tsaye a kanka ba, yana kuma ba ka sunan wani jami'i da zai iya tsaya maka shaida nan gaba. Masu Hausa suna da ɗan rinjaye idan aikin fassara ya fito, musamman na saƙonnin lafiya da wayar da kai, sai dai irin wannan ba kullum yake fitowa ba, kuma ana son wanda ya iya rubutun Hausa daidai da ƙa'ida, mai bambance ƙ da k, ba wanda ya iya magana kawai ba. Rauninsa babba ɗaya ne: ingancinsa ya dogara ga ƙungiyar da ta sa aikin. Wata za ta ba ka bayani dalla-dalla ta duba aikinka, wata kuma za ta ɗauke ka ta yi shiru har wa'adin ya ƙare. Kafin ka nema, karanta yadda aka rubuta aikin. Idan an faɗi abin da za a miƙa da ranar miƙawa, alama ce mai kyau. Idan an ce kawai a taimaka wa ƙungiya ta bunƙasa, wuce.

Na biyu shi ne na zuwa wurin aiki, kuma shi ne yawancin mutane ke nufi. Ya kasu gida biyu: na cikin gida, wanda ɗan ƙasa ko mai izinin zama ke yi a ƙasarsa, da na ƙasa da ƙasa, wanda dole sai a wata ƙasar da ba taka ba. A cikin kowanne akwai matakai, daga na mutanen gari waɗanda ake ɗauka a yankin da aikin yake ba tare da neman digiri ba, zuwa na masu fara aiki, zuwa na ƙwararru da ake nema wa aƙalla shekara 3 na gogewa, zuwa na manyan masana. UNV takan sauya sunayen matakan da iyakar shekarun haihuwa lokaci zuwa lokaci, don haka abin da wani ya gaya maka daga zamaninsa ba hujja ba ne. Hujja ita ce takardar bayanin aikin, wadda suke kira DoA. A cikinta akwai hukuma mai masauki, garin da za a zauna, tsawon wa'adi, matakin ilimi, shekarun gogewa, harsunan da ake buƙata da ranar rufe nema.

Inda mutane ke faɗuwa tun ba a ga fuskarsu ba

Shafin kansa ba shi da wahalar amfani, yana buɗewa a waya, amma cike bayanan kai a waya azaba ce, gara a nemi kwamfuta a zauna masa yini guda. A nan ne mafi yawan masu nema daga arewa ke yi wa kansu illa, kuma dalilan sanannu ne.

Suna. Satifiket ɗin sakandare ya ce Mohammed, na jami'a ya ce Muhammad, fasfo ya ƙara sunan gari, asusun banki ya juya tsarin sunayen. A gida an saba da wannan, ana wucewa. A tsarin da ma'aikaci a wata ƙasa ke duba takardu a kan allo, sunaye uku mutum uku ne. Ba lallai ya hana a kira ka ganawa ba, amma zai iya tsayar da kai bayan an zaɓe ka, ko ya jinkirta alawus na farko saboda sunan banki bai dace da na kwantiragi ba. Maganin shi ne a ɗauki sunan da ke kan fasfo ko katin NIN a matsayin tushe, a gyara na banki ya bi shi, a tanadi takardar rantsuwa ta kotu domin satifiket ɗin da ba za su gyaru ba. Haka ma ranar haihuwa, wadda sau da yawa takardar rantsuwar shekaru ke saɓa wa ta makaranta.

Kwanan wata. Shekarun gogewa daga ranakun da ka shigar ake lissafa su. Wanda ya rubuta aiki ba ranar farawa da ta gamawa, ko ya bar shekarar bautar ƙasa a waje don yana ganin ba aiki ba ce, ya rage wa kansa da hannunsa. Idan DoA ta ce shekara 3 kuma bayananka suka nuna shekara 2 da wata 10, babu wanda zai kira ka ya tambayi ko akwai abin da ka manta. Aikin da ba a biya ka ba shi ma ana shigar da shi, muddin akwai sunan ƙungiya, ranaku da wanda zai tabbatar.

Sai matakin ilimi. Inda aka ce digiri na farko, mai HND yana iya nema amma yana cikin haɗarin a tace shi, don haka ya fi masa alheri ya ba da ƙarfi ga guraben da suka nemi difloma ko sakandare, da waɗanda gogewa ta fi nauyi a cikinsu. Harshe kuma a faɗi gaskiya. Wanda ya ce ya ƙware a Faransanci saboda ya yi shi a ƙaramar sakandare, tambaya ɗaya za ta tona shi a ganawa. A ɗaya gefen, mutane da yawa ba sa rubuta Hausa, Kanuri, Fulfulde ko Larabcin Shuwa ko kaɗan, suna ganin ba abin faɗa ba ne. Kuskure ne babba. A guraben Borno, Adamawa, Yobe, Sakkwato da Katsina, harshen gari kan zama sharaɗi ko abin fifiko, kuma shi ne abin da ɗan arewa ke da shi wanda mai digiri biyu daga Legas ba shi da shi. Ɗan Nijar mai Hausa da Faransanci ƙofarsa ta fi faɗi, domin bayan Maraɗi, Damagaram da Diffa, yana iya neman na ƙasa da ƙasa a Chadi, Kamaru, Mali ko Kwango.

Bayanin ayyukan da ka yi shi ne wurin da mai sauya sana'a zai ci ko ya faɗi. Hukumomin agaji ba masu tausayi kawai suke nema ba, suna neman akanta, mai kula da sito, mai sayayya, mai tattara bayanai, injiniyan ruwa, ma'aikaciyar jinya, mai hulɗa da jama'a. Ma'aikacin banki kada ya ɓoye bankinsa, ya fito da shi: daidaita asusu, bin ƙa'idojin hana zamba, rubuta rahoton wata, waɗannan su ne ainihin abin da sashen kuɗi da shirye-shiryen raba tallafin kuɗi ke buƙata. Malamin makaranta ya faɗi yawan ɗaliban da ya riƙe da malaman da ya horar. Wadda ta yi aikin wayar da kai gida-gida a yaƙin shan inna, irin wanda UNICEF ta ɗauki mata dubbai suna yi a jihohin arewa kafin a ayyana Najeriya ta rabu da cutar ta daji a 2020, ta faɗi gidaje nawa ke hannunta, da yadda take shawo kan magidancin da ya ƙi a ɗiga wa 'ya'yansa. Lamba da aiki ake so. Jimlar da ke cewa mutum yana da kishin taimakon al'umma kowa ya rubuta ta, ba ta bambanta kowa da kowa.

Haka abin yake a takardar dalilin nema da ake rubutawa ga kowane gurbi. A ɗauki ayyuka uku na farko da DoA ta lissafa, a nuna inda aka taɓa yin makamancin kowanne. Sakin layi uku sun isa. Yanzu da kowa ke sa manhaja ta rubuta masa, masu tantancewa sun koshi da takardu masu santsi da ba su ce komai ba, wadda ta ambaci sunan ƙaramar hukuma da ainihin matsalar da aka warware ita ce ke tsayar da ido.

Bayan nema

A nan hidimar ta fi rauni, kuma ba za mu yi mata kara ba. Bayan an rufe nema, UNV ta tace, ta tura jerin sunaye ga hukuma mai masauki, ita kuma ta zaɓi waɗanda za ta yi wa jarrabawar rubutu ko ganawa. Tsakanin waɗannan matakai ana iya yin makonni, ana iya yin watanni, kuma shafin ba ya gaya maka a hannun wa takardarka take. Wani gurbin ma sokewa ake yi saboda kuɗin da aka sa rai bai zo ba. Wanda bai yi nasara ba ba a faɗa masa dalili, don haka zai iya maimaita kuskure ɗaya sau ashirin bai sani ba. Ga hukumar da ke wa'azin mutunta masu aikin sa-kai, wannan gibi ne da ya kamata a ce an toshe.

Ganawar galibi ta bidiyo ce, da mutum uku ko makamancin haka, kuma tambayoyin iri ɗaya ne: ba mu labarin lokacin da ka yi aiki da wanda ba ku jituwa, lokacin da aiki ya yi maka yawa, lokacin da ka ga ana yin ba daidai ba. Amsa mai kyau tana da sassa uku, halin da aka shiga, abin da kai ka yi, da abin da ya biyo baya. Tarbiyyarmu ta kawaici tana cutar da mu a nan. Ɗan arewa zai yi ta cewa mun yi, mun shirya, Allah ya taimake mu, alhali masu ganawar suna jiran su ji abin da shi ya yi domin su ba shi maki. Faɗin aikinka a inda aka tambaye ka ba alfahari ba ne. Sannan a tanadi layin waya biyu na kamfanoni daban, a cika batir, a zauna a ɗakin da ba hayaniya, domin ba kowane kwamiti ke sake ba da lokaci ba idan sadarwa ta yanke.

Wanda aka zaɓa zai ga tayi a asusunsa, ya karɓa, sannan a shiga gwajin lafiya, da kwasa-kwasan dole irin su BSAFE na tsaro da na hana cin zarafi da lalata da waɗanda ake taimako, da izinin tsaro, da shigar da bayanan banki. Sai an kammala waɗannan ake sa ranar farawa. Tayi ba kwantiragi ba ne. Kada wanda ya ajiye aikinsa ranar da ya ga saƙon taya murna, kada ya saki reshe ya kama ganye. Ma'aikacin gwamnati ya fara neman hutun barin aiki ba albashi a rubuce, ta hanyar da dokokin aiki suka tanada, ya karɓi amincewa a takarda. Tafiya da izinin baki daga shugaban sashe ita ce ke komawa tuhumar guduwa daga aiki ranar da aka sauya shugaban.

Maganar kuɗi

UNV ba ta ɓoye wannan, masu nema ne ba sa karantawa. Abin da ake biya duk wata ba albashi ba ne, alawus ne na zaman rayuwa da suke kira VLA, kuma na cikin gida da kuɗin ƙasar ake biyansa, ba dala ba. Adadinsa ya danganta da mataki da wurin aiki. Akwai na'urar lissafi a shafin da za ka zaɓi ƙasa, gari da mataki ta nuna maka abin da za ka samu, ita ce abin dogaro, ba jita-jitar majalisar unguwa ba. Bayan shi akwai ɗan kuɗin fara aiki, kuɗin sallama da ke taruwa gwargwadon watannin da ka yi, ƙari ga masu zama a wurare masu wahala, hutun kwana biyu da rabi a kowane wata, da inshorar lafiya da ta rai. Inshorar lafiyar tana da kyau, ta fi abin da yawancin kamfanonin gida ke bayarwa, amma iyalin da take ɗauka ƙayyadaddu ne. Mai mata biyu da 'ya'ya takwas ya karanta wannan sashe da idon basira kafin ya yi lissafi.

Abin da babu shi ne fansho. Mai aikin UNV ba ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ba ne, ba ya cikin asusun fanshonta. Wanda ya baro aikin tarayya ko na kamfani a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, inda ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi ya zuba kashi 10, ya sani wannan zubin ya tsaya daga ranar da ya tafi, sai in shi ya ci gaba da zubawa da kansa. Ga ɗan shekara 26 wannan ƙaramin abu ne. Ga ɗan shekara 44 mai 'ya'ya a jami'a, shi ne babban abin dubawa. Sannan akwai gida biyu: wanda aka tura Maiduguri ko Damaturu alhali iyalinsa na Zariya zai biya haya a can, ya ciyar a nan, ya yi kuɗin mota a tsakani. Alawus ɗin da ya yi kyau a allo yana iya komawa daidai da tsohon albashinsa ko ƙasa da shi.

Wa'adi kuma gajere ne, watanni ne zuwa shekara, ana sabuntawa idan akwai kuɗi, kuma akwai iyakar shekarun da mutum zai yi a tsarin gaba ɗaya. Babu alkawarin a mayar da kai cikakken ma'aikaci. Wasu na samu, domin suna ciki, sun san yadda ake rubuta rahoto da yadda ake magana a taron sassa, amma sai sun nema sun yi takara kamar kowa.

Lokacin da muke ciki ya ƙara tsananta wannan. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu ɗaukar nauyin ayyukan lafiya da agaji a Najeriya. A Afrilun shekarar ofishin OCHA, mai daidaita ayyukan agaji na Majalisar, ya sanar da rage kusan kashi 20 cikin ɗari na ma'aikatansa tare da taƙaita ayyukansa a wasu ƙasashe, har da Najeriya. A shekarar ce kuma hukumar abinci ta WFP ta yi gargaɗin dakatar da tallafin abinci a arewa maso gabas saboda ƙarancin kuɗi. Ma'anar wannan ga mai nema a fili take: mutanen da suka yi shekara takwas suna aikin agaji a Monguno da Ngala na jihar Borno, waɗanda a da ba za su kalli gurbin UNV ba, yanzu suna layi ɗaya da kai. Buƙata ba ta ragu ba, tamowa a Katsina, Zamfara da Sakkwato shaida ce, kuɗin ne ya ragu.

Shin a nan ake samun gamsuwar da ake nema?

Wannan tambayar ce shafin ba zai amsa maka ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Mai barin banki yana hango kansa yana miƙa wa marayu abinci. Abin da zai tarar a guraben UNV da yawa shi ne tebur, kwamfuta, jadawalin Excel, rubuta bayanin taro, bin ƙungiyoyin da aka ba kwangila su kawo rahoto. Hukumomin Majalisar galibi tsarawa da sa ido suke yi, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinsu ne ke taɓa mutane. Aikin tebur ɗin yana da amfani, idan lissafin katan ɗin abincin tamowa ya kuskure yara ne za su rasa a asibiti, amma ba kowa ne zuciyarsa ke samun natsuwa da amfanin da ba ya gani da ido ba. DoA tana nuna wannan ga mai lura: a duba ko ta ambaci fita fili da kuma sau nawa, a kuma tambaya a ƙarshen ganawa kwana nawa a wata mai wannan gurbi ke yi a wajen ofis.

Wanda kuma aka tura fili, ya san abin da ya karɓa. An kai harin bam ginin Majalisar a Abuja a Agustan 2011. A Maris 2018 an kashe ma'aikatan agaji a harin Rann da ke jihar Borno, aka sace wasu mata ma'aikatan lafiya, biyu daga cikinsu masu aiki da kwamitin Red Cross na duniya, ICRC, aka kashe su a cikin shekarar. Garuruwa irin su Dikwa, Damasak da Banki sau da yawa da jirgi mai saukar ungulu na UNHAS, sashen jiragen agaji na Majalisar, ake shigarsu. A nan UNV ta cancanci yabo: wanda ta ɗauka yana ƙarƙashin tsarin tsaron Majalisar kamar sauran ma'aikata, da izinin tafiya, da dokar hana fita, da kwashewa idan abu ya ɓaci, abin da mai sa-kai a ƙaramar ƙungiya ba ya samu. Duk da haka magana ce da za a yi da iyaye da mata ko miji tun kafin a nema, ba bayan tayi ya zo ba. Mace musamman ta tambayi yanayin masauki tun a ganawa.

Saboda haka ne muke ganin kuskure ne a fara da UNV. A fara da abin da ke kusa, ana kan aiki, na wata shida zuwa shekara. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana da reshe a kowace jiha da Abuja, tana koyar da taimakon gaggawa, kuma sunanta sananne ne ga duk mai tantancewa a duniya. Ta Nijar ma haka. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, kwamitin lafiya na mazaɓa, ƙungiyar unguwa da ke biya wa marasa lafiya magani, duk aiki ne na gaske, kuma da ambaliyar madatsar Alau ta cinye Maiduguri a Satumban 2024 irin waɗannan mutane ne suka fara shiga ruwa. Matsalarsu ɗaya ce, ba sa rubutu. Mutum zai yi shekara biyar yana hidima ba shi da takarda ko ɗaya. Tun ranar farko a nemi wasiƙa mai kan ƙungiya da ta faɗi matsayi da ranar farawa, a riƙe littafin da ake rubuta abin da aka yi da adadin mutanen da aka kai gare su, a samu shugaba ɗaya mai imel da ke buɗe shi, domin shaidar da ba ta amsa saƙo daidai take da babu.

A cikin waɗannan watanni ne ake ƙara abin hannu. Shafukan Kaya, DisasterReady da Agora na UNICEF suna da kwasa-kwasai kyauta masu takardar shaida. Uku masu alaƙa da fanninka sun fi talatin barkatai. A koyi KoboToolbox har a iya gina fom a tattara bayanai da waya ba intanet, a koyi Excel har a iya taƙaita layi dubu a tebur guda. Mai son fannin ruwa da tsafta ya san ma'aunan Sphere, wato mafi ƙarancin abin da ake son aikin agaji ya samar, irin su lita 15 ga mutum a rana da mutum 20 ga masai guda. Mai son abinci mai gina jiki ya san cewa awon damtsen yaro ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Irin waɗannan ne ke fitowa a jarrabawar rubutu.

Kuma kada a tsaya ga shafi ɗaya. Shafin ReliefWeb na ɗauke da guraben ƙungiyoyi irin su Save the Children, IRC, NRC da Mercy Corps. Ƙungiyoyin gida ma sun ƙara samun shiga tun bayan taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, inda masu ba da tallafi suka yi alkawarin kai kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin cikin ƙasa, ko da yake cika alkawarin na tafiyar hawainiya. Albashinsu ya fi ƙanƙanta, wani lokaci yana makara, amma a can ne sabon shiga ke riƙe aiki da hannunsa tun shekarar farko.

Wanda ya haɗa shekara guda ta hidima mai takarda, da sana'ar da ya zo da ita, da harshen gari, ya buɗe UVP ya tace guraben cikin gida, ya riƙa duba shafin sau biyu a mako domin wasu guraben mako biyu kacal suke yi a buɗe, ya nemi waɗanda ya cika dukkan sharuɗɗansu kawai. Ya kuma ajiye kuɗin cefanen aƙalla wata uku a gefe kafin ranar farawa, saboda alawus na farko yakan biyo bayan kammala rajistar banki, mai gidan haya kuma a Maiduguri kuɗin shekara yake karɓa tun kafin ya miƙa makulli.